Sau huɗu na rubuta mata maganin sanyi

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti a Kamaru ya san ɗan littafin nan da muke ce wa karne. Ana sayensa a bakin ƙofa, malamin asibiti ya rubuta abin da ya gani da maganin da ya bayar, mai shi ya naɗe a leda ya kai gida ya sa ƙarƙashin katifa. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina rubutu a cikin irinsa, a ƙananan asibitocin ƙauye tsakanin Garwa da Marwa. Akwai guda ɗaya da har yau ina ganin bangonsa a idona, don rubutuna ne ya ci shafi huɗu a cikinsa, kuma a duka huɗun abu guda na rubuta.

Matar ta ba arba'in baya, 'ya'yanta takwas, gyaɗa da ƙuli take kaiwa kasuwar mako. Zuwanta na farko ta zauna a gefen benci, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ce, "Malam, sanyi ke damuna." Na ce akwai ruwa mai fita? Ta gyaɗa kai. Na rubuta mata na sha da na matsi, ta yi godiya ta tafi. Bayan wata uku ta dawo, na canza mata wani. A na uku na ce a haɗa da maigidan, wataƙila shi ke maido mata da shi. A na huɗu na ƙara da allura. Ko sau ɗaya ban ce ta hau gado a duba ta ba, ban kuma tambaye ta ko tana ganin jini bayan ta kwana da mijinta ba. A karo na biyar ɗanta ne ya ɗauko ta a bayan moto, kuma warin ya riga ta shigowa ɗakin. Ma'aikacin lafiyar da ya taɓa shaƙar wannan wari sau ɗaya ba ya sake tambayar ko na mene ne. Sankarar bakin mahaifa ce, ta ci har ta taɓa mafitsara. Tsakanin zuwan farko da na biyar wata goma sha huɗu ne.

Rai a hannun Allah yake, ban isa in ce da na duba ta ranar farko da yanzu tana nan ba. Amma wata goma sha huɗu a wurin wannan ciwo dukiya ce mai yawa, kuma a kan teburina aka ɓarnatar da ita.

Abin da ya sa na tono wannan labari wata magana ce da ta zama karatun allo a bakin masu jawabi, duk ranar 4 ga Fabrairu da ake tunawa da ciwon daji a duniya, da kuma watan Oktoba idan aka raba riguna ruwan hoda aka yi tattaki a titi. Wai mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, sai sun gama da boka da mai saiwa. Da gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma mai son jin sauran gaskiyar ya shiga ɗakin da aka kwantar da masu ciwon daji, ya roƙi karnen mutum biyar, ya buɗe tun daga shafin farko. Zai tarar da waɗanda suka zo da wuri, suka sake zuwa, kuma wurinmu suka zo. An bar jaki ana dukan taiki.

Don haka ra'ayina, wanda na daɗe ina faɗa wa duk mai saurare, shi ne in har akwai kuɗin koyar da ma'aikatan lafiya sha'anin ciwon daji a arewacin Kamaru, a fara kashe shi a kan malamin ƙaramin asibiti da ungozomar da ke aiki kusa da shi. A koya musu da hannu, a gaban marasa lafiya na gaske, a nan arewa, da harshen da mara lafiya yake kuka da shi. Kuma kada karatun ya tsaya a gano ciwo; ya kai har ranar da mutum zai dawo daga kudu da tabo a ƙirji.

A makarantar da na yi, ciwon daji 'yan shafuka ne na Faransanci, sunayen ƙari iri-iri da muka haddace saboda jarrabawa muka manta. Da muka fito aiki kuwa, horo sai wanda ya gaji: na zazzaɓin cizon sauro, na rigakafi, na kwalara, na tamowa, na ƙanjamau, kowanne da rajistarsa da mai zuwa duba rajistar. Abin da ake zuwa dubawa shi ma'aikaci yake yi. Babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni mata nawa na duba wa bakin mahaifa a wata, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba. Da maganar ciwon daji ta fara isowa, a otal ta sauka. A kira manya kwana uku a birni, a haska musu hotuna a bango, a ba su jaka da kuɗin zama. Babba ya dawo ya tara mu minti talatin ya ce an ce a riƙa wayar wa mata kai. Shi ke nan. Hannun da zai taɓa mara lafiya bai koyi komai ba.

Alhali sankarar bakin mahaifa, in ana maganar adalcin ciwo, tana cikin masu adalci, don takan yi sallama tun daga nesa. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana kiranta HPV, ana ɗaukarta ta wajen saduwa, kuma yawancin mutane sukan gamu da ita a rayuwarsu jiki ya kore ta ba tare da sun sani ba. Wannan ma abu ne da ya kamata ma'aikaci ya iya faɗa a fili: matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, kada a ɗora mata zargi a kan ciwo. A jikin wasu matan ƙwayar takan zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa a hankali. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya sami kyautar Nobel a 2008 saboda gano wannan alaƙa. Daga zaman ƙwayar zuwa sankara akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga macen da garkuwar jikinta ta yi rauni, kamar mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarin mai ƙanjamau ya ninka na sauran mata sau shida. Shekara goma sha biyar ciwo yana tsaye a ƙofa yana jira. A cikin waɗannan shekaru mace ta zo awo sau nawa, ta haihu a hannunmu sau nawa, ta kawo yara rigakafi sau nawa?

Kayan dubawar ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba. Gado, fitila mai haske, ƙarfen buɗawa mai kama da bakin agwagwa, auduga, sai ruwan khal, wato binegar nan da ake yayyafa wa salak, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A shafa a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In bai yi faɗi ba, akwai 'yar na'ura mai batir da ake riƙewa kamar tocila, kanta yana yin zafi har digiri 100, a ɗora a wurin a ƙona shi cikin ƙasa da minti ɗaya, mace ta sauka ta ɗaura zaninta ta koma gida. Ba labarin Turai nake ba ku ba. Asibitocin mishan na Baftis a yankin Arewa maso Yamma sun fara duba mata ta wannan hanya tun 2007, kuma malaman jinya mata ne ke yi. Suna ɗaukar hoton bakin mahaifar da kyamara, su nuna wa matar a allo ta gani da idonta, su kuma riƙa bitar hotunan suna gyara wa juna.

Wannan gyara wa juna shi ne zuciyar abin. Duba da khal aikin ido ne, kuma idon da bai saba ba yakan ga fari inda babu, ya ƙona lafiyayyar mace, ko ya wuce ciwo ya ce mata ta je lafiya lau. Ba a koyonsa daga bango. Sai mutum ya duba mata da yawa wata gwana tana tsaye a kansa, sannan in ya koma ƙauyensa ya sami wadda zai tura wa hoto ta WhatsApp, da izinin mai jikin, ya ce Yaya, duba min wannan. Gani ya kori ji.

Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da gwajin ƙwayar HPV ɗin kanta: daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, mai ƙanjamau daga shekara 25, duk shekara 3 zuwa 5. Abin da ya fi burge ni a wannan gwaji shi ne mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta. A ba ta ɗan tsinke mai auduga ta shiga bayan labule ita kaɗai. An yi haka a garin Dschang na yammacin Kamaru tare da likitocin birnin Janiba na Suwizalan, kuma na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana iya karanta shi. Wanda bai zauna arewa ba ba zai gane girman wannan ba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma ni namiji ne, ni kaɗai ne ma'aikaci a asibitin, matar nan kuma sa'ar babbar yayata ce. Kunyarta, wadda Fulani ke ce wa semteende, ta haɗu da tawa, muka rufa wa juna asiri, ciwo ya ci gaba da aikinsa. Da an koya min yadda ake neman izini, yadda ake kiran wata mace ta tsaya a ɗakin, ko da ina da tsinken nan in miƙa mata, da shafin farko ya bambanta.

A Nuwamban 2020 Hukumar ta sa wa duniya buri zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafin HPV kafin su wuce shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwo magani. Wa zai duba kashi 70 na matan Mayo-Danay, ko Mayo-Rey, ko na bakin Logon wajen Kusiri? Likitocin mata na arewa gaba ɗaya, ko sun daina barci, ba za su iya ba.

Sai maganar harshe, wadda masu tsara horo ba sa ko kallonta. Mara lafiya ba ya shigowa ya ce yana da sankara. Da sunan da ya gada yake zuwa, da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, mu kuma mu fassara sunan zuwa magani ba tare da mun leƙa bayansa ba. Mace ta ce sanyi. Dattijo ya ce basir, alhali yana zubar da jini yana ramewa wata da watanni, babu wanda ya sa safar hannu ya taɓa. Saurayi ɗan talatin ya ce shawara, ido ya yi ɗorawa, gefen dama ya yi tauri kamar dutse. Masunci daga Lagdo ko manomin shinkafa daga Yagwa da Maga ya ce tsargiya, tunda da fitsarin jini ya girma. Amma tsargiyar da ta daɗe tana haifar da sankarar mafitsara, kuma babban mutum da ya sha maganin tsargiya jini bai tsaya ba ba tsargiya ce kaɗai ke damunsa ba. Uwa ta kawo yaro muƙamuƙi ya kumbura, haƙora suna girgiɗi, ta ce hangum ne. Wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana wannan ƙari a Yuganda a 1958. Yana bin ƙasashen da zazzaɓin sauro ya yi katutu, yana girma cikin kwanaki, amma yana cikin waɗanda suka fi jin magani, har ka ga fuskar yaro ta saɓe cikin mako biyu. Mako ukun da za a ɓata ana ba shi maganin haƙori su ne bambancin.

Ba a bukatar mayar da malamin ƙauye ƙwararren likita don ya kama waɗannan. Ɗabi'a guda ake so ta zauna masa: kafin ya rubuta, ya buɗe shafukan baya. Kukan da ya dawo bayan an ba shi magani, a tashi daga kujera a duba da ido da hannu. In ya dawo karo na uku, a tura gaba, da takarda, da lambar wayar wanda zai karɓa.

Akwai kalma ɗaya da ba ta ma isowa wurinmu, ita ce istihala. Matar da ta daina al'ada shekara biyar, sai ta wayi gari ta ga jini. Tambayar da ta fara zo mata ita ce ta salla da azumi, sai ta aika wurin malam ko ta tambayi malamar Islamiyya. A ba ta hukuncin daidai: jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta yi sallarta. Hukunci ya yi, amma kalmar "jinin ciwo" ta wuce ba wanda ya tsaya a kanta. Da malaman unguwa sun san cewa jini bayan daina al'ada, ko bayan kwanciyar aure, abin kaiwa asibiti ne a makon nan, da sun ƙara jimla ɗaya a ƙarshen fatawa. Wa zai gaya musu? Malamin asibitin da suke sahu ɗaya da shi a masallaci, in shi ma ya sani.

Kowa kuma ya san maganar nan, wai daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura, in aka taɓa shi da wuƙa sai ya fusata. Na daɗe ina jin haushinta, daga baya na gane mu ne muke ciyar da ita. Wanda muka riƙe shekara guda muna ba shi maganin sanyi, in ya isa hannun mai fiɗa ya riga ya makara. A yi aiki, bayan wata biyu ya rasu. Me ƙauye ya gani? Ya ga mutum ya tafi da ƙafarsa, an yanka shi, ya mutu. Ta bayansa sai ta ɓoye nata ƙullutun. Ba a kashe irin wannan magana da lasifika. Sai mutane sun ga wadda aka yanka tana daka a tsakar gida.

Yayata ce, wadda ta goya ni. Tana wanka ta ji ƙullutu a nonon hagu, ba zafi, shi ya sa ta yi wata biyu kafin ta gaya wa matata, matata ta gaya min. Ƙullutun da ba ya zafi shi ne abin tsoro, amma mutane sun ɗauka zafi ne ma'aunin ciwo. Wannan karon ban rubuta komai ba. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, masauki wurin 'yan'uwa a unguwar Birkitiri. Aka cire nonon, aka yi mata ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, aka wuce Duwala don a gasa wurin da na'ura. Shanunta biyu da filin da ta gada suka tafi. Bayan wata tara ta dawo, da takarda guda ta Faransanci da ranar komawa.

Mu muka ɗauka an gama. Wata uku da dawowarta hannun hagu ya fara kumbura, daga damtse har yatsu, zobe ya ƙi fita. Ta miƙo min shi ta ce, "Kai da kake malamin asibiti, mene ne wannan kuma?" Na tsaya ina kallonta. Maƙwabta har sun fara maganar a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mugun jini, abin da da an yi shi da ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa a hannun da ba shi da mai gadi. Sai da na yi ta buga waya kudu na fahimta: an cire kaluluwar hammata lokacin aiki, ruwan jiki ya rasa hanyar komawa. Abin da ake yi ba shi da tsada. A ɗaga hannun a kan matashi, a motsa shi kullum, a naɗe shi da bandeji yadda ya dace, a shafa mai kada fata ta tsage, a kiyaye yanka da ƙuna a madafa, allura da awon jini a fi so a yi a ɗaya hannun, in ya yi ja da zafi a zo a ranar. Karatun yini ɗaya ne, amma a shekara ashirin babu wanda ya ba ni shi.

Haka ƙwayar tamoksifen da aka ce ta sha kullum. Bayan wata huɗu na tarar ta ajiye. Ta ce ai ta warke, kuma ƙwayar tana taso mata da zafi da gumi, ga zafin Garwa na watan Maris. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata wannan maganin na shekara biyar ne aƙalla, shi ke tsare ƙofa kada ciwo ya dawo, zafin jikin kuma halinsa ne, amma in ta ga jini ta gaba ta faɗa. Likitan da ya rubuta yana nisan kwana biyu. Wanda ke kusa shi ne irina, kuma irina ne ya kamata ya san cewa ciwon baya da ya ƙi tafiya, ko tari, ko ƙullutu a kan tabo, a jikin wadda ta taɓa yin wannan ciwo ba a sallamarsa da maganin gajiya.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a karne. Ranar da ta fara fita biki, matata ce ta ɗinka mata 'yar jaka ta cusa auduga aka sa a rigar mama. Yayata ta yi sa'ar miji. Na san wadda ta dawo ta tarar kishiya ta gaya wa unguwa an mayar da ita rabin mace. Matan da aka gasa wa mara da na'ura sukan sami ƙunci da zafi wajen kwanciya, akwai dabarun da ke taimakawa, amma wa za su tambaya? Aure yakan mutu a kan abin da ungozoma za ta iya warwarewa a zama biyu, ɗaya da matar, ɗaya da mijin. Yayata tana shekara ta bakwai yanzu. Mata sukan shigo ɗakinta bayan magariba kamar masu aron turmi, ta tura ƙofa, ta kwance zani ta nuna musu tabon, ta ce, "Ga shi, ƙarfe ya taɓa ni, ga ni." Da ni ke tsara horon nan, da irinta zan sa a gaban aji, kuma a biya ta kamar kowane malami.

Wani abokin aikina, mutum mai hankali, yakan ce min, "Malam, mene ne amfanin gano abin da ba ka da maganinsa? Ka gaya wa talaka yana da daji, ka nuna masa hanyar Duwala, ka kashe shi sau biyu." Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji shi. A wani ɓangare ina tare da shi. Gangamin da za a tara mata a duba su, a ce wa wasu an ga wani abu, a naɗe tabarma a tafi ba magani ba hanya, zalunci ne, gara ba a yi ba. Shi ya sa nake cewa kada a ba da horon duba mahaifa sai tare da na'urar ƙonawa, kuma kada a koya wa mutum turawa gaba sai an nuna masa wurin wa. Inda za a iya, ɗan naman da aka yanka don gwaji shi ya kamata ya yi tafiya, mai shi ya zauna gida.

Inda muka rabu da shi, ko ciwon da ya wuce magani saninsa yana da amfani. Iyalin da aka gaya wa gaskiya cikin ladabi ba za su sayar da shanun noma don ƙarin ruwan da ba zai yi komai ba. Kuma ciwo ya wuce warkewa ba ya nufin ya wuce sauƙi. A Yuganda, wata likita mai suna Anne Merriman ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a 1993, ta kawo ruwan mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, mai arha da ake sha da baki, kuma a 2004 ƙasar ta yarda malaman jinya da aka horar su riƙa rubuta shi. Mu an tarbiyyantar da mu a kan tsoron mofin. Ga tiramol a kowane lungu, yara masu moto suna haɗiya kamar gyaɗa, amma tsohuwa mai sankara tana kwana tana cizon zani da farasitamol. Matar nan mai ƙuli haka ta ƙare, ina ji ina gani.

Masu cewa aiki ya riga ya yi wa malamin ƙauye yawa su ma ba su yi ƙarya ba. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da yara masu zazzaɓi suke kwance har a baranda, ko sunan ciwon daji ba zai saurara ba. To a yi horon da rani. Kuma kada a buɗe masa sabuwar rana da sabon layi. A saƙa abin cikin wanda yake yi. Takardar lafiyar masu ciki ta sefa 6,000 da aka kawo yankunan arewa uku ta jawo mata asibiti, ga ranar rigakafi, ga masu zuwa tazarar haihuwa, ga masu karɓar maganin ƙanjamau. Matan suna nan a kan benci. A horar da mutum biyu a kowane wuri, don canjin wurin aiki yakan kwashe mutum ɗaya da iliminsa a dare guda. Tun 2022 Garwa tana da jami'arta, da sashen koyon likitanci, ga makarantun jinya a Garwa da Marwa. A nan ya kamata abin ya zauna, kada ɗalibi ya karɓi takardarsa sai ya duba mata da hannunsa a gaban malami.

Rigakafi ma a hannun mutanen nan yake. Kamaru ta sa allurar HPV cikin rigakafin yara a Oktoban 2020, ga 'yan mata masu shekara 9, daidai lokacin da korona ta cika gari da jita-jita. Aka ce ta hana haihuwa ce. Na ga ma'aikatan lafiya da suka ɓoye nasu 'ya'yan ranar da aka zo makaranta. Ban zarge su ba, an miƙa musu kwalba ne ba a ba su bayani ba, kuma wanda bai gamsu ba ba zai iya tsayawa gaban jauro ko liman ya gamsar da shi ba. Ruwanda ta fara tun 2011 ta wuce kashi 90. Tun 2023 allura ɗaya ake yi a Kamaru, har da yara maza, abin ya yi sauƙi. Saura bakin da zai yi bayani. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a arewa kuma shi ne babbar hanyar sankarar hanta. Jariri goma da suka ɗauka wajen haihuwa, kusan tara za su zauna da shi har girma. Allurar da ke tare wannan cikin awa 24 na farko ake yinta, rigakafin da aka saba kuwa sai mako shida yake farawa, bayan askar wanzami ta riga ta bi kan yaro ranar suna. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, sankarar hanta a yaranta ta ragu. Ungozomar da ta gwada mai ciki, ta tanadi allurar kafin naƙuda, ta kuma ce wa uwar gida kada a mayar da ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka tsince cikin miya don ita ma tana jawo sankarar hanta, tana maganin ciwon da sai bayan shekara talatin zai nuna kansa.

Na bar aiki, amma maƙwabta ba su bar ni ba. Bayan la'asar sukan zo da karne a leda in karanta musu abin da aka rubuta. Makon jiya wani magidanci ya kawo na matarsa, yana so in gaya masa ko akwai mai arha a madadin maganin da aka rubuta. Na koma baya. Shafi uku, hannu biyu daban-daban, maganin sanyi. Na ce ya kira ta, na sa matata ta shiga da ita ɗaki ta yi mata tambayar da ban yi wa waccan ba. Ta fito ta gyaɗa min kai. Na rubuta takarda, na ce Litinin da safe. Ya ce sai dai in an biya shi kuɗin audugar da ya noma. Na ce kuɗin moto da na gwaji suna wuyana, ya same ni a ƙofar gida ƙarfe bakwai.